Farin ɓawon da ruwan foraj ke bari a buta da injin sanyi, mene ne maganinsa?

Maman Hadiza:
Assalamu alaikum. Gidanmu yana sabbin filayen bayan unguwar Ali Ɗan Sofo a Maradi, da ruwan foraj muke aiki, daga shato, wato tankin sama, yake saukowa robine. Butar lantarki ta yi farin ɓawo a gindi, mai tauri kamar ɓawon ƙwai, kuma yanzu tana daɗewa kafin ta tafasa. Kan shawa rabin hujojinsa sun toshe, injin sanyi na ruwa ya rage iska, sabulu kuma ba ya kumfa. Mene ne wannan, kuma tacewa za ta yi maganinsa?

Malam Issa mai gyaran pampo:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai ki gwada: kankaro ɓawon kaɗan da cokalin roba, ki zuba masa farin binegar ko ruwan lemun tsami. In ya yi "shuuu" da ƙananan kumfa, kalker ne, wato alli. In ja ne kamar tsatsa, wannan ƙarfe ne a cikin ruwan. In kuwa ya kwanta a gindin kofi bai motsa ba, yashi ne ko laka daga shato. Kowanne da maganinsa, kada a haɗa su.

Kalker yana fitowa daga kalsiyam da magneziyam da ruwa ke narkarwa a ƙarƙashin ƙasa. A ruwan sanyi ido ba ya ganinsu. Da ruwan ya yi zafi, musamman ya haura digiri 60, ko ya bushe a iska, sai su koma dutse su manne. Shi ya sa duk inda ake dumama ruwa nan ɓarnar take fara bayyana.

Ga buta: rabi farin binegar mai kashi 8, rabi ruwa, har ya rufe ɓawon. Kunna ya kusa tafasa, cire waya, a bar shi awa 1. A zubar, a ɗauraye, a tafasa ruwa mai kyau sau 2 a zubar kafin a sha shayi da ita. In an samu garin asid sitirik ya fi, don ba ya wari: babban cokali 2 a lita 1. Kada a sa wuƙa a kankare ƙarfen dumamar, da ya ƙarzu ya fara tafiya.

Kan shawa a kwance shi a jiƙa cikin wannan haɗin ya kwana, da safe a bi hujojin da tsohon buroshin haƙori. Ƴar ragar bakin robine ma tana kwancewa, a yi mata haka. A duba bawul ɗin tankin masai, don kalker na hana shi rufewa, ruwa ya yi ta tsiyaya shato ya ƙare ba a san dalili ba.

Abu biyu ban yarda da su ba ko kaɗan. Asid ɗin da masu shimfiɗa karo ke wanke siminti da shi yana cin ƙyallin robine ya lalata ƙarfe. Binegar da jabel kuwa ba sa haɗuwa, hayaƙin kulorin suke fitarwa, a cikin ƙaramin banɗaki yana iya kayar da mutum.

Sani mai gyaran kayan lantarki:
Malam Issa ya gama da buta, bari in ɗauki injin sanyi, don shi ne ya fi shan wahala a watan 4 da na 5. Aikinsa ke nan ya busar da ruwa. Ruwan ya tafi iska, allin ya zauna a tanki. Mai gida kuma ƙari kawai yake yi a kai kullum, ba ya zubar da na ƙasa, to bayan mako 2 ruwan tankin ya ninka na robine yawan alli sau da yawa. Ga ƙura ta haɗu da shi ta zama kamar siminti a jikin soson baya da ruwa ke jiƙawa iska ta ratsa.

A buɗe matosar ƙasa a zubar da ruwan gaba ɗaya duk kwana 2 ko 3. Soson a cire shi, a jiƙa minti 30 cikin binegar kashi 1, ruwa kashi 4, a ɗauraye a hankali. Irin na takarda mai kama da saƙar zuma ba ya son goga, in ya fara marmashewa sai canji. Ƙaramin famfon da ke cikin tanki murfinsa na ɓallewa da hannu, a ciro farfelar a wanke. Yawancin injin da ake cewa famfonsa ya ƙone, farfela ce ta cije.

In akwai na'urar dumama ruwan wanka, a tsayar da ita tsakanin digiri 55 da 60. Sama da haka ɓawo zai yi sauri, ƙasa da 50 ƙwayoyin cuta na samun wurin zama. Alamar ta cika ita ce ƙara kamar ana soya gyaɗa. Wajen wanke ta: yanke kuran, rufe ruwa, juye tanki, kwance farantin ƙasa, kwashe allin da hannu, duba sandar magneziyam in ta cinye a canza, a sa sabuwar robar baki. Sai tanki ya cika ruwa ya fito ta robine sannan a mayar da kuran. Wanda ya kunna babu ruwa, ƙarfen ya ƙone nan take.

Dutsen guga mai tururi a ba shi ruwan da aka cire wa ma'adinai. Batirin sola mai ruwa kuwa, ko ɗigo na ruwan foraj kada ya shiga.

Maman Hadiza:
Na gode, Allah ya saka. Ya yi kumfa da lemun tsami. To tacewar fa, Malam? An ce mu sayi mai farin zare.

Injiniya Balkisa:
Yaya, wannan mai zaren, ko mai mikron 5 ne, yashi da laka kawai yake tarewa. Allin a narke yake kamar sukari a shayi, wucewa zai yi. Yana da amfani a gaban shato, amma ba don wannan ba.

A fara kai ruwan a auna a ɗakin gwaji. A takardar za ki ga TH, wato nauyin ruwa ko yawan allinsa, da digirin Faransa: digiri 1 daidai yake da miligiram 10 na alli a lita. Ƙasa da 15 ruwa ne mai sauƙi, binegar ya ishe ku. Sama da 30 ya yi nauyi sosai, nan ne sayen na'urar laushi ke da ma'ana, mai ƙwayoyin resin da ke kama kalsiyam, ana sabunta su da gishiri. Tana son matsin ruwa, shato mai gajeren tsayi ba ya isarta sai da famfon ƙarin ƙarfi. Ɗan alƙalamin TDS da masu saida na'ura ke tsomawa a kofi ba nauyin ruwa yake aunawa ba, duk abin da ya narke yake tarawa. Kuma foraj biyu a layi ɗaya na iya bambanta, gwargwadon zurfinsu, kada a dogara da sakamakon maƙwabci.

Allin kansa ba ya cutar da mai sha. Abin da ya fi damuna a yankinmu shi ne fulorid, wanda ya lalata haƙora da ƙasusuwan yara da yawa a garin Tibiri kusa da Maradi. Ba ya barin ɓawo, ba shi da ɗanɗano, tafasawa ma ƙara tattara shi take yi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 1.5 ce a lita. Tunda za a kai ruwan, a ce su auna shi tare da nitrat. A bar robine ya zuba minti 5, a ɗauraye gora mai tsabta sau 3 da ruwan, a cika ta har baki, a kai a ranar.