Yanka zube layi-layi waƙa ne ko ba waƙa ba?

Zainab: Salam jama'a, dan Allah ku duba min wannan. Da farko a zube na rubuta: yau da asuba na ga Iya mai ƙosai ta bakin layinmu hayaƙi yana shiga idonta tana goge hawaye da gefen mayafi, yara sun jeru da kwanoni, ita kuma na san ba ta karya ba don sai ta sayar take sayen koko. Sai na mayar da shi haka:
Hayaƙi a idonta
gefen mayafi ya jiƙe
yara sun ƙoshi
ita ba ta karya ba.
Ni dai a wurina wannan waƙa ce.

Malam Sabi'u: Wa alaikumus salam. Zainab abin da kika gani ya taɓa zuciya wallahi, amma wannan ba waƙa ba ce, zube ne kika yanyanka. Ina karinta, wato awon sautinta, ina amsa-amo, wato ƙarshen layuka ya zo da sauti iri ɗaya? Ki rera ta mu ji in za ta reru. In kika haɗa layukan nan huɗu wuri ɗaya jimla ce kawai za ta dawo.

Bashir: Haba Malam wa ya ce sai da kari. Ni layin nan na "gefen mayafi ya jiƙe" ya fi min baitoci goma masu amsa-amo da ba su ce komai ba, don ba ta ce kuka ba ba ta ce hawaye ba amma kowa ya gani. Ai ta yi aiki, ta zubar da asuba, ta zubar da kwanoni, ta bar abu huɗu kacal, wannan zaɓen shi ne waƙar a ganina

Malam Sabi'u: Zaɓen kalma ko mai rubuta labari yana yi Bashir. Abin da ya raba waƙa da zube kunne ne. Aliyu Namangi makaho ne, bai taɓa ganin yadda layi yake zama a takarda ba amma waƙarsa Imfiraji ta zauna daram, da me ya auna? Da kunne. Bari in gwada da abin da Zainab ta gani:
Hayaƙi yana cin idanun Iya
Tana soya ƙosai da sassafiya
Mutane su karya su kama gaba
Tukunyar gidan nata babu miya.
Ku ɗan buga da yatsa, ha-ya-ƙi, ya-na cin, i-da-nun, I-ya. Gaɓa mara nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu, ana maimaitawa, shi ne karin Mutaƙarib cikin karuruwa 16 na aruli, wato ilimin awon waƙa na Larabawa.

Maman Hanif: Kai masha Allah wannan ta reru gsky, ina wanke-wanke na kama kaina ina maimaita ta. Kuma ni abin da ya sa nake bayan Malam, kakata in tana daka tana waƙa ne a kan abin da ya faru a gidan ranar, kishiya ta yi kaza, akuya ta shanye ƙullu, ba ta san wani aruli ba amma taɓarya ce take riƙe mata karin, kalmar da ba ta faɗa daidai da bugu ba da kanta take canza ta. To ashe tun asali abin namu da awo yake

Zainab: Malam ta yi daɗi ban musa ba. Amma ni fa ban ga tukunyar gidanta ba, ban taɓa shiga gidan ba ma, ban san ko da miya ko babu ba. Abin da na sani ba ta karya ba. Kuma mayafin nan da ya tsaya min a rai tun safe ya ɓace gaba ɗaya a taka.

Bashir: Yauwa abin da nake faɗa kenan! Saboda ana neman kalma mai ƙarewa da "ya" an ɗora wa baiwar Allah talaucin da ba a gani ba. Miya ta shigo ne don Iya da sassafiya, ba don gaskiya ba. Wannan shi ne tsorona da amsa-amo, yana jan mutum ya faɗi abin da bai yi niyya ba

Aminu Maradi: Ni ina tsakiya. Malam ya yi gaskiya a kan kunne, ko Larabawan da suka sassauta ba su jefar da awo ba, Nazik al-Mala'ika, marubuciyar waƙa 'yar Iraƙi, da ta yi waƙarta kan kwalara a 1947 tsawon layuka ta saki amma ƙafar kari tana nan. Sai dai batun tukunya Zainab ce da gaskiya. Ku tuna Waƙar Damina ta Na'ibi Wali ko Karen Mota ta Ɗan Maraya Jos, abin da ya riƙe su har yau shi ne mutum yana ji yana cewa wallahi haka abin yake, na taɓa gani. Sun auna kuma ba su ƙara abin da ido bai gani ba, wahalar aikin kenan, wani lokaci baiti ɗaya sai ya ci maka kwana uku.

Malam Sabi'u: Na karɓi gyara a kan tukunya, gaggawa na yi, kuma haƙƙin matar ne. Amma laifina ne ba na kari ba. Har yanzu ina nan kan bakana, layuka huɗun farko zube ne mai kyau.

Bashir: Ni kuma ina nan kan nawa

Zainab: To Malam ɗango na farko da na biyu na baitinka, wato layuka biyun farko, ina so, zan riƙe su. Ka taimaka ka dawo min da mayafin a ɗango na uku, na huɗu kuma ya tsaya kan ba ta karya ba, kada a ƙara komai.

Malam Sabi'u: "Da gefen mayafi" ya hau karin da kansa, da-ge-fen, ma-ya-fi. Na huɗun ne zai ba ni wuya don "ba ta karya ba" ba ta ƙare da "ya" ba. Ki ba ni zuwa bayan isha'i.