Aksul ɗin bayan motata ba nata ba ne, ta yaya zan samu shu ɗin birkin da zai shiga?

Bala Mai Albasa, Mile 12

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi tsohuwar Hilux mai jan taya huɗu a hannun wani, ina ɗiban buhunan albasa da ita daga Mile 12 zuwa Agege da Idi-Araba. Birkin baya ya fara ƙara, hambirki kuma ba ya riƙewa. Na je kasuwar kayan mota ta Ladipo da lambar shasi, aka ba ni shu, wato abin da ke matse duram ɗin birki daga ciki, makanike ya gwada, ya yi wa duram ɗin girma. Na mayar, aka canja mini, shi ma bai zauna ba. Sai yanzu makaniken yake cewa ga alama an taɓa canja aksul ɗin gaba ɗaya. Wanda ya sayar mini ya koma gida, wayarsa ba ta shiga. Duk wanda irin wannan ta taɓa samu, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Usta Garba, Agege

Wa alaikumus salam Malam Bala. Wannan kusan kullum muna ganinta a gareji. Lambar shasi labarin ranar da mota ta fito daga kamfani take ba ka, ba ta san abin da aka yi mata a Legas ba. Yanzu aksul ɗin za ka tambaya, ba motar ba.

Ka sa a cire duram, a kankare tsatsa da buroshin waya. Yawanci akwai rubutu a jikinsa, MAX DIA da lamba, wato iyakar faɗin da zai kai kafin a jefar da shi. A Toyota in ka ga 297, duram mai milimita 295 ne, in ka ga 256, mai 254 ne. In rubutun ya goge, a auna cikinsa daga baki zuwa baki, a auna faɗin shu ɗin ma, domin akwai masu da'ira ɗaya amma wani ya fi wani faɗi. Daga nan ka ƙirga ƙusoshin taya, ka auna cibiyar da taya ke zama a kai. Toyota mai ƙusa shida cibiyarta milimita 106 ce. Sai ka leƙa inda sifirin ke zama a kan aksul. In ka ga walda mai kauri irin ta bakin titi, to daga wata mota aka ɗauko shi aka gyara masa mazauni.

Abu ɗaya nake roƙon ka: kafin yaro ya kwance komai, ka ɗauki hoton cikin birkin da wayarka, hagu da dama. Na sha ganin an watsa ƙananan sifirin-sifirin ɗin birki a ƙasa, an rasa wanda ke sama da wanda ke ƙasa.

Ɗanjuma Direba, Ijora

Ni tawa da sauƙi ta zo. Na duba tulun tsakiyar aksul, ba murfi a bayansa, ta gaba ake zaro kayan ciki, nan take na ce Toyota ne, kuma haka ya kasance.

Usta Garba, Agege

Ɗanjuma, sa'a ka yi. Mitsubishi da Isuzu ma suna da masu zarowa ta gaba, kuma da yawansu ƙusa shida ne a kan da'irar milimita 139.7, daidai da Hilux. Rashin murfi ya rage maka zato ne kawai, bai yanke hukunci ba.

Alhaji Mamman, Apapa

Malam Bala, ni ba shu ne ya kusa halaka ni ba, ƙaramar silindar da ke cikin taya ce, wadda ke tura shu. Tawa ta hagu ta fara yoyon mai, na aiki yaro ya sayo, ya kawo wadda ta yi kama da ita sak, ƙusoshinta ma suka shiga. Ashe ramin cikinta ya fi na dama faɗi. Mota ba kaya, ana yayyafi, na taka birki a gangaren gadar Ijora, sai bayanta ya juya da ni. Allah ne Ya tsare, babu kowa a gefena. Da muka kwance muka ga inci 15/16 a jikin ɗaya, inci 7/8 a jikin ɗayar. Tun ranar, in zan canja, biyu nake canjawa, kuma sai na karanta lambar da idona. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake yi.

Isiyaku, Ladipo

Shekaruna da dama ina kai mutanenmu shaguna a kasuwar nan. Gaskiya ba duka laifin masu sayarwa ba ne, abin da ka faɗa musu shi za su ba ka. Ka zo da tsohon shu, da duram ɗin kansa in za ka iya ɗauka, da silindar, da abin da ke daidaita birki. A ɗora sabo a kan tsoho, ramuka su haɗu, a sa shi cikin duram a ga ya kwanta ba gefen da ya ɗaga. Kuma ku yi magana a kan canji kafin ka biya. In wani ya ce maka “za a ɗan goga shi ya shiga”, ka ɗauki kayanka ka yi gaba.

Nura, Alaba Rago

Masu motocin Amurka, ku duba ƙusoshin murfin tulun aksul na baya. A Ford ɗina akwai ɗan ƙarfe da aka maƙala a ƙusa ɗaya, lambobin aksul duk suna kai. Masu canja mai ne ke yar da shi, ku hana su.

Bala Mai Albasa, Mile 12

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Jiya mun bi maganar Usta. Duram ya nuna 256, cibiya 106, ga walda a mazaunin sifirin kamar yadda ya ce. Na ɗauki komai a buhu zuwa Ladipo, shu ɗin Hiace ne ya haɗu da nawa rami da rami. Silinda ma biyu na saya, Alhaji. Hambirki yanzu yana riƙewa har da kaya.

Usta Garba, Agege

Alhamdu lillahi. Amma saura ɗaya, tunda taka mai jan huɗu ce. Dole lissafin haƙoran aksul na gaba da na baya su zo ɗaya, in ba haka ba ranar da ka sa giyar jan huɗu za su riƙa kokawa da juna har wani abu ya karye. Duba farantin da ke jikin motar, akwai lambar aksul ɗin da ta zo da shi daga kamfani. In G292 ce, 4.10 ke nan, in G282 ce, 4.30. Sai a ɗaga taya ɗaya ta baya, a tare na gaba da dutse, giya a furi, a yi wa farfela, wato dogon ƙarfen da ke juya aksul ɗin baya, alama da alli. Juya tayar sau biyu cif, wani yana ƙirga juyin farfela. Abin da ya ƙirga shi ne lissafin aksul ɗin. In tayar ta ƙi juyawa kada ka tilasta mata, ka kira ni.

Bala Mai Albasa, Mile 12

Usta, faranti G292 ya ce, farfela kuwa ta yi juyi huɗu da rabi har da ɗoriya kaɗan, ke nan ba su zo ɗaya ba. Na gaya wa yarona kada ya kuskura ya taɓa ƙaramar giyar jan huɗun nan. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan kawo maka ita Agege bayan na sauke kaya.