Neman kalmar Hausa: me za mu kira consul na tsohuwar Rum?

Mai_Shirin_Tarihi:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah a taimaka min da gaggawa. Ranar Alhamis da safe zan shiga situdiyo naɗar kashi na biyu na shirinmu kan tarihin Rumawa, kuma kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, consul. Kashi na farko ban sha wahala ba don zamanin sarakuna ne, tun daga kafa birnin a 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) kamar yadda su Rumawan ke faɗa, har zuwa korar Tarkwiniyus sarkinsu na ƙarshe a 509. To daga nan ne suka ce su da sarki har abada, suka koma zaɓen mutum biyu duk shekara, su ke jan rundunar yaƙi, su ke kiran zaman majalisar dattawa, kuma kowanne yana da ikon taka wa ɗan uwansa birki. Sunan wannan kujera zai fito min kusan a kowane layi. Na saka a manhajar fassara ta ba ni "ƙaramin jakada", wlh sai da na yi dariya ni kaɗai.

Bakano_Zalla:
Hhhh wato Juliyas Kaisar biza yake bugawa kenan. Ka ce sarki kawai ka huta malam, sarakuna biyu.

Malama_Zazzau:
A'a ƙanena, sarki kam ba zai yiwu ba ko kusa. Babu kalmar da mutanen nan suka tsana irinta. A watan Fabrairun 44 kafin Miladiyya Mark Antoni ya miƙa wa Kaisar kambin sarauta a bainar jama'a ya ƙi karɓa don ya san abin da zai biyo baya, amma duk da haka zargin yana son zama sarki bai bar shi ba, ranar 15 ga Maris suka caccake shi da wuƙaƙe a wurin zaman majalisa. In ka ce musu sarakuna ka rusa labarin jamhuriyar gaba ɗaya, mai sauraro zai ce to me aka kora a 509 ɗin?

Ɗan_Gobir:
Waziri fa? Ko Galadima, ko Madawaki tunda su ke jan yaƙi.

Malama_Zazzau:
Wazirin wa? Waziri sai da sarki a samansa, su kuwa babu kowa a samansu. Madawaki ka adana shi za a buƙace shi nan gaba, domin idan gari ya rikice sukan naɗa mutum ɗaya mai cikakken iko na wata 6, shi kuma ya ɗauki mataimaki da suke kira shugaban mahaya dawaki, to wannan ne Madawakinka sak.

Ɗan_Gobir:
To Jagaba.

Bakano_Zalla:
Kai Bagobiri rufa mana asiri, so kake a rufe wa bawan Allah shirinsa a ce ya shiga siyasa 😂

Tsohon_Hedimasta:
Salamu alaikum. Na karanta duk abin da kuka rubuta, abin da na gani shi ne lalaci irin na yaran yanzu, kowa na laluben tsohuwar sarauta ya yafa wa baƙo. Harshe ƙirƙira yake so. Ni na daɗe da warware wannan tun ina koyarwa: SHUGABIYU. Shugaba da biyu, an haɗe. Gajeriya ce, tana da daɗin faɗa a rediyo, kuma duk Bahaushen da ya ji ya san shugabanci ne na mutum biyu. Shugabiyun Rum. A gwada a baki a ji.

Mai_Shirin_Tarihi:
Allah gafarta Malam na gode, na gwada kuma ba laifi a baki. Amma ya zan yi da tilo? Akwai inda zan ce Sisero ya hau kujerar a 63 kafin Miladiyya, shi kaɗai nake magana a kai.

Tsohon_Hedimasta:
Shugabiyu ne. Jam'i shugabiyai.

Malama_Zazzau:
Baba da girmanka, akwai matsala fa. A shekarar 52 da rikici ya yi yawa a birnin, Pompi aka ba kujerar shi kaɗai ba abokin zama na wasu watanni. Sai mai shiri ya ce "aka naɗa Pompi shugabiyu guda ɗaya"? Sannan Mariyus ya hau sau 7, shugabiyu sau bakwai, mai sauraro a kasuwa zai ɗauka darasin lissafi aka koma.

Tsohon_Hedimasta:
'Yata, tagwaye ma idan ɗaya ya fita unguwa ba ya daina zama ɗan tagwaye. Keɓantaccen abu ba ya karya doka.

Ɗan_Damagaram:
Ni dai ban ga abin wahala ba. A bar kalmar yadda take a Hausantar da ita. Mu nan duk wanda ya yi lakwal ya san ta don an karanta mana Napoleyon da ya kira kansa consul na farko a Faransa a 1799, daga wurin Rumawan ya aro. Ku rubuta kwansil a wuce wurin.

Bakano_Zalla:
Kwansil kuma? Wannan ai bakin Faransa ne. Konsul dai, ko kwansul.

Ɗan_Damagaram:
Naka kuma bakin Ingila ne, to wa ya fi wani? Abin da ke ba ni haushi da ku kenan, duk kalmar da za a yanke sai an auna ta da kunnen Kano kamar mu nan ba Hausa muka tashi da ita ba. Rediyon nan har Maraɗi da Tawa ana kama shi ko ba a kamawa?

Bakano_Zalla:
Yallaɓai ba ni na ce a ɗora daidaitacciyar Hausa kan karin Kano ba, haka na tarar. Ko da me ka zo an fi ka 😎

Ɗan_Gobir:
Ga shi nan an fara. Mutanen da ba su iya bambanta namiji da mace a magana ba su ne za su koya muna Hausa.

Malama_Zazzau:
Wannan sharrin ai mu Zagezagi ake yi wa, ka ɗora wa Kanawa, ko zagin ma ba ka iya saitawa ba. Don Allah ku dawo kan magana, mutum na da naɗi jibi.

Tsohon_Hedimasta:
Ni ba ruwana da kwansil ko konsul, duk bara ce. Yaushe za mu daina miƙa ƙoƙo ga Turawa? Harshen da miliyoyin mutane ke yi daga Agadas har Kumasi har Sudan a ce ya kasa haifar kalma ɗaya tak? Abin kunya ne. Wannan aron shi ke kashe mana harshe muna kallo.

Ɗan_Damagaram:
Baba a yi min afuwa, sunan da kake rubutu da shi a nan fa? Hedimasta daga wane ƙauyen Katsina ta fito?

Bakano_Zalla:
Innalillahi 😂😂 yau ni da Damagaram jam'iyya ɗaya. Ƙara masa da jamhuriya, daula, majalisa, siyasa, waziri, duk Larabci. Galadima daga Barebari. Sanata da za a faɗa a shirin nan ma asalinta daga bakin Rumawan ta biyo ta Turanci ta iso mana.

Tsohon_Hedimasta:
Waɗancan sun daɗe sun zama 'yan gida. Kuma rashin kunya ba hujja ba ce.

Uwar_Fassara:
Na shigo a makare. Ni aikina fassarar labarai ne don haka da kunne nake auna kalma ba da ido ba. Konsul a takarda lafiya lau, amma a rediyo, cikin ƙarar injin niƙa ko a mota, abin da mutum zai ji shi ne kansila. Ku yi tunanin an ce kansiloli biyu sun ja runduna sun tari Hanibal, mutumin da ya tsallako tsaunukan Alps da giwaye. Mai sauraro zai hango kansilan mazaɓarsu da ke rabon taki. Wannan haɗarin ya fi na ƙaramin jakada.
Shawarata a duba abin da ya fi fice a kujerar. Ba biyun ba ne kaɗai, shekarar ce. Rumawa ba sa cewa shekara ta kaza, sai su ce shekarar wane da wane, da sunan mutum biyun nan suke lissafin zamani, in mu muna cewa sarki goma zamani goma su nasu zamanin wata 12 ne cak. Har barkwanci suka yi da abin a 59, lokacin da Kaisar ya danne abokin zamansa Bibulus har ya koma ya kulle kansa a gida, sai mutanen gari suka riƙa cewa ai bana shekarar Juliyas da Kaisar ce. Don haka ni "shugaban shekara" zan ce, jam'i shugabannin shekara. Tilo ya zauna, jam'i ya zauna, Pompi shi kaɗai ma ya zauna.

Malama_Zazzau:
Hajiya wannan ta fi kusa gaskiya. Abin da ta rasa shi ne ba ta nuna su biyu ne ba, kuma biyun nan ba ado ba ne, a cikin gari wata-wata suke karɓa-karɓa, wanda ke da watan shi dogarai 12 ke wa gaba ɗauke da damin sanduna. Idan kuma suka haɗu a sansani ɗaya kwana-kwana ake yi kamar ranar girki. A yaƙin Kanne a 216 kafin Miladiyya abin da marubutansu suka ce ya faru kenan tsakanin masu kujerar biyu na shekarar, Paulus na son a yi haƙuri Baro na son a gwabza, ranar Baro ta zagayo ya fitar da runduna, Hanibal ya yi musu zobe ya kashe dubun dubata har da shi Paulus ɗin. In mai sauraro bai riƙe cewa su biyu ne ba wannan labarin ba zai shige shi ba.

Tsohon_Hedimasta:
To kun gani! Ta dawo kan maganata da bakinta. Shugabiyu.

Malama_Zazzau:
Ban dawo ba Baba.

Ɗan_Gobir:
Ni shugaban shekara tana min kama da lambar yabo, irin gwarzon shekara ɗin nan da ake bayarwa a otal.

Uwar_Fassara:
Da gaskiyarka ɗan uwa, amma jimla ɗaya ta gyara wannan. Kuma in shirin ya yi nisa ma kusan lambar yabon ta koma, tun daga Agustas a 27 kafin Miladiyya iko ya tattara hannun mutum ɗaya, kujerar ta zama ta girmamawa, har ana ba da labarin sarki Kaligula ya so ya ba dokinsa. Mutum na ƙarshe da ba sarki ba da ya riƙe ta a 541 Miladiyya ne zamanin sarki Jastiniyan. Rumawan da mutanenmu suka sani a Suratur Rum, na zamanin Hiraƙal, sun zo bayan an gama wannan yayin, shi ya sa malamanmu suka gadar mana Ƙaisar ba su gadar mana wannan ba.

Mai_Shirin_Tarihi:
Jama'a na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, dole in tsaya haka don furodusa na jiran rubutun gobe da azahar. Ga abin da zan yi, farkon fitowarta zan ce "shugabannin shekara guda biyu, waɗanda Rumawa ke kira konsul", in ja wasalin sosai yadda ba za a ji kansila ba, daga nan sai in ci gaba da shugaban shekara, inda ake maganar ɗayan in ce abokin mulkinsa. Ba ta gamsar da ni ɗari bisa ɗari ba, tana da tsawo kuma maganar Ɗan_Gobir ta tsaya min a rai.

Ɗan_Damagaram:
Konsul ɗin dai aka ɗauka kenan, bakin Ingila ya ci. Ba komai, mun saba.

Bakano_Zalla:
Ba Ingila ba ce wannan karon, Latin ɗin ma da u take.

Tsohon_Hedimasta:
Kalma biyu inda ɗaya ta isa. Shirinka ne, yi yadda ka ga dama, ni dai a littafin da nake rubutawa shugabiyu ce kuma ba zan canja ba. In ka iso kan mutum ukun nan, Kaisar da Pompi da Karasus, ka neme ni, ina da shugabukku a ajiye.