Ina neman shawara kan ɗora furosesa da ƙarfen sanyaya a kan babban allo

Ɗalibi, unguwar Zariya:

Assalamu alaikum, malamai da yayye. Ina karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da ke Maraɗi, kuma na sayi kayan haɗa kwamfutar tebur, wato furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 5600G, da babban allo (wanda ake ɗora sauran kayan a kansa) samfurin B450, da ƙarfen sanyaya furosesa na kamfanin AMD mai fanka wanda aka taɓa amfani da shi, har busasshen man sanyaya yana nan manne a gindinsa. Ina so in haɗa da hannuna domin in koya, amma ƙafafun furosesar siraru ne ƙwarai, kuma idan suka lanƙwashe ba ni da kuɗin sayen wata. Ta ina zan fara, kuma tsohon man zai wadatar ko sai na sayi sabo?

Mai gyara, Babbar Kasuwa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka yi aikin kafin ka saka allon cikin akwati, ka shimfiɗa shi a kan kwalinsa bisa tebur, sannan ka taɓa wani ƙarfe da hannunka, domin a lokacin hunturu, da iska ke bushewa, lantarkin da ke taruwa a jikin mutum yana iya lalata kayan ba tare da an ga alama ba.

Soket ɗinka, wato gurbin da furosesa take zama a kan allo, samfurin AM4 ne, wanda ƙafafunsa 1331 suke jikin furosesa, saɓanin wasu samfuran kamar LGA1700 na Intel da AM5 inda ƙafafun suke cikin soket. Ka ɗaga sandar da ke gefen soket har ta miƙe tsaye, ka riƙe furosesar ta gefuna, ka nemi ɗan alwatika mai ruwan zinariya a kusurwarta, ka daidaita shi da wanda ke kusurwar soket. Idan ka daidaita, da nauyinta kaɗai za ta zauna. Idan ba ta zauna ba, kada ka danna ta ko kaɗan; ka ɗaga, ka sake dubawa, domin yawancin furosesa da ake kawo mini da lanƙwasassun ƙafafu dannawa ce ta ɓata su. Bayan ta zauna daram sai ka mayar da sandar ƙasa ta kulle.

Idan ƙarfen sanyayan naka mai sukurori huɗu ne, sai ka kwance robobi biyun da ke gefen soket, amma ka bar farantin da ke bayan allo, domin a cikinsa sukurorin suke shiga. Ka ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta, har su kama gaba ɗaya.

Malamar kwamfuta, Ali Ɗan Sofo:

Bayanin Malam ya yi daidai, sai dai ya bar maganar man, wadda a ganina ita ce ta fi muhimmanci a gari irin namu, inda zafin Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40. Tsohon man ba ya amfani, ɗana. Aikinsa shi ne cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani tsakanin saman furosesa da gindin ƙarfe, kuma idan ya bushe ya tsattsage, iska ce take shiga wurin ta hana zafi wucewa. Ka goge shi tas da ƙyalle marar gashi da alkol mai ƙarfi, ka bari ya bushe, sannan ka ɗiga sabo a tsakiyar furosesa kamar girman ƙwayar wake, matsin ƙarfen ne zai baza shi. Ina jin wasu suna cewa man goge baki yana maye gurbinsa. Ina roƙonka kada ka saurare su, domin yana bushewa da wuri, furosesar ta koma aiki cikin zafi.

Kada ka manta da wayar fanka, ka soka ta inda aka rubuta CPU_FAN a jikin allo. Bayan ka kunna, ka shiga BIOS, wato manhajar da ke cikin allo wadda take tayar da kwamfuta, ka duba zafin. Iyakar wannan furosesa digiri 95 ne, saboda haka idan ka ga lambar tana hawa da sauri alhali ba ka sa ta aikin komai ba, ka kashe ka sake zaunar da ƙarfen da sabon mai.

Mai gyara, Babbar Kasuwa:

Gaskiyarki, Malama. Akwai kuma abu ɗaya da ya kamata ya bincika tun kafin ya buɗe kwali. Allunan B450 sun fito a 2018, ita kuwa 5600G sai a 2021, don haka allon da ya daɗe a ajiye yana iya ƙin tashi har sai an sabunta BIOS ɗinsa. Ƙanena, ka tambayi wanda ya sayar maka ko an sabunta, ko ka duba kwalin ko akwai tambarin da ke nuna yana karɓar Ryzen 5000, jerin da furosesarka take ciki. Idan kuma wata rana za ka cire ƙarfen, ka bar kwamfutar ta ɗan yi aiki man ya yi laushi, sannan ka murɗa shi a hankali hagu da dama kafin ka ɗaga, domin a AM4 yakan fizgo furosesar daga soket idan aka ja shi kai tsaye.