Tambaya: wane sukuru zai dace da kan gatarin tomahok?

Assalamu alaikum. Maƙera da masu aikin ƙarfe, a taimaka da shawara.

Gatarin tomahok ne, irin wanda ake zura ƙota ta saman ido (ramin da ke kan gatarin), ta kama saboda kanta ya fi kauri. A gefen idon akwai ƙaramin rami mai tiredi (zanen murɗe da sukuru yake bi), inda sukuru marar kai yake danne ƙotar, amma sukurun ya ɓace.

An gwada M6 (sukuru mai kaurin milimita 6), ya shiga zagaye biyu ya cije. Zatona ramin na ma'aunin inci ne, wato 1/4-20, mai tazarar tiredi milimita 1.27, shi kuwa M6 milimita 1 ne. Tilasta shi zai cinye tiredin. Yaya zan tabbatar da ma'aunin ba tare da na'urar awon tiredi ba?

In tiredin ya riga ya lalace, a faɗaɗa ramin zuwa milimita 6.8 a yanka tiredin M8 (na sukuru mai kaurin milimita 8), ko kuwa bangon idon zai yi rauni?

Sannan sukuru mai tsini yana huda itace, ƙota ta tsage wajen jifa. Mai bajajjen baki ya fi, ko a haƙura da sukurun, a goge ƙotar da sanfefa har ta zauna daram?