Kiɗan ƙara: faifan fiyezo na fitar da siririn sauti, kunne kuma na kuka

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Tambayata biyu ce ga masu sanin harkar kiɗan ƙara, irin wanda ake kira noyis. Na liƙa faifan fiyezo, ɗan faifan tagulla mai ɗaukar girgizar abin da aka liƙa shi a kai, a jikin langa, na sa wayarsa kai tsaye a mikisa, na'urar haɗa sauti, amma abin da ke fita siriri ne kamar kukan sauro, ga wani gunji da ba ya tsayawa. Ta biyu, idan an daɗe ana sauraron irin wannan kiɗa sai kunne ya riƙa tsuwa. Mene ne iyakar ƙarar da ba ta cutarwa?

Mai Gyaran Rediyo:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Faifanka lafiyarsa ƙalau, inda ka soka shi ne matsalar. Fiyezo yana son mashigi mai turjiya babba, kamar om miliyan 1 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). Mashigin mikisa na yau da kullum bai wuce om dubu 10 ba, na makirfo ma bai kai haka ba. Faifai mai faɗin milimita 27 idan ya haɗu da om dubu 10, duk sautin da ke ƙasa da hats 800 (hats shi ne yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya) ko kusa da haka raguwa yake yi, shi ya sa kaurin langar ya ɓace, ƙarar saman kaɗai ta rage. Ka fara bi da shi ta fedar jita, ƙaramar na'urar da mai jita ke takawa don canza sauti, ko mashigin da aka rubuta wa Hi-Z idan na'urarka tana da shi, sannan ya wuce mikisa. Nan take za ka ji gangar jikin langar ta dawo.

Gunjin kuwa na wutar lantarki ne, hats 50. Sau da yawa daga waya yake. A yi amfani da waya mai raga a jikinta, irin ta jita. Ragar a liƙa ta a tagullar gefen faifai, zaren tsakiya kuma a kan farin da'irar tsakiya. Idan aka juya su, faifan duka ya zama eriya mai kwaso gunji. Wajen liƙin dalma a kan farin nan kada ƙarfen ya wuce daƙiƙa 2, domin fatar azurfar da ke kai siririya ce, zafi na ɗaga ta. Da an gama a zuba gam mai zafi a kan mahaɗar, a kama wayar da shi har gefe, don yawancin faifan da ke mutuwa a nan wurin suke tsinkewa. Wayar kada ta wuce mita 2 kafin ta isa feda.

Sai a matse faifan da kyau. Salatif mai sako-sako yana cinye rabin sautin. Maƙalin shanya ko ɗan kilif ya fi.

Malamar Jinya:
Ƙanena, tsuwar nan da kake ji ba ƙaramin abu ba ce, alama ce kunne ya sha wuya. A cikin kunne akwai ƙwayoyi masu siraran gashi da ke karɓar sauti, kuma wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa.

Ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawara a bi shi ne desibel 85 na awa 8 a rana; desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kacal. Wasan noyis a ɗaki rufaffe yakan haura 100 ba wuya. Lissafin kuma na yini ne gaba ɗaya. Wanda ya wuni kusa da injin markaɗe ko janareto ya riga ya ci kasonsa kafin ya kunna komai da dare.

Auduga ba ta tare komai, a daina dogara da ita. Abin toshe kunne na soso yana aiki idan an sa shi daidai: a murza shi ya zama siriri, a kai hannu ta bayan kai a ja kunnen sama da baya, a tura, a riƙe kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. Idan rabinsa na leƙowa waje, bai shiga ba. Akwai na makaɗa mai 'yar matata, yana rage desibel 15 ko 25 ba tare da dushe sautin sosai ba, shi ya fi dacewa da mai son jin komai. A fili kuma, duk lokacin da ka ninka tazararka da lasifika ƙarar na sauka da kamar desibel 6. Tsuwar da ta kwana ta wuni ba ta tafi ba, ko ji ya ragu farat ɗaya a kunne guda, a je wurin likitan kunne ba tare da jinkiri ba.

Dattijon Situdiyo:
Duk abin da suka faɗa haka yake. Abin da zan ƙara shi ne, masu farawa da yawa suna zaton ƙarfin murya shi ne kiɗan. Ba haka tushensa yake ba. Luigi Russolo a Italiya ya rubuta takardarsa a 1913 yana cewa ƙarar injuna da ta birni ta cancanci shiga kiɗa. A 1944 Halim El-Dabh ya ɗauki sautin bikin zar a Alƙahira, wanda ke da kama da borinmu, ya sarrafa muryoyin har suka koma wani abu dabam. Pierre Schaeffer a Faransa da ƙarar jiragen ƙasa ya yi nasa a 1948. Dukansu da sauraro suka fara. Ko Masami Akita na Japan, mai kiɗa da sunan Merzbow tun 1979, wanda ake kafa misali da shi wajen tsananin ƙara, idan ka rage murya ka natsu za ka ji hawa-hawa ne: gurnani a ƙasa, ƙarfe na gogar ƙarfe a tsakiya, wani siririn fito yana shiga yana fita.

Ka gwada wannan. Tsaya nesa kaɗan da mai markaɗe minti 5. Injin yana da murya ɗaya idan babu komai a ciki, da an zuba jiƙaƙƙen wake sai ta yi ƙasa ta yi nauyi, bel yana dukansa a kai a kai, ruwa na canza ta. Wanda ya iya rarrabe waɗannan huɗun zai iya tsara minti 10 na noyis da mutum zai zauna ya ji. Ni a ganina wannan horon ya fi sayen feda biyar amfani.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Baba, ana cewa akwai masu kiɗa da mikisa kaɗai ba tare da an sa mata komai ba. Yaya ake yi?

Dattijon Situdiyo:
Toshimaru Nakamura ya yi suna da wannan. Ana ɗauko waya daga mafitar aux, wato mafitar gefe ta mikisa, a mayar da ita mashigin layi na wata tasha a mikisar, sai ta riƙa jin kanta, irin kukan da lasifika ke yi idan makirfo ya matso ta, amma wannan a hannunka yake. Kafin ka soka wayar, duk maɓallan su kasance a ƙasa, wutar 48V da mikisa ke ba makirfo a kashe. Ɗaga tashar zuwa rabi, sannan ka murɗa aux a hankali har kukan ya tashi. Daga nan maɓallan bes da na tsakiya su ne kayan kiɗanka: ɗan taɓawa kaɗan sai fito ya koma bugu kamar na zuciya.

Mai Gyaran Rediyo:
Baba ya bar abu ɗaya da ke kawo mana aiki shago. Kukan nan yana tsalle daga shiru zuwa ƙarshen ƙarfi cikin ƙiftawar ido, kuma siririn fito mai tsayi shi ke ƙona tuwita, ƙaramar lasifika mai fitar da siririn sauti, don zaren cikinta ba ya jure zafi. A sa limita, na'urar da ke hana sauti wuce iyaka, tsakanin mikisa da amfilifaya, ko a yi gwajin da tsohuwar lasifikar da ba a jin asararta. Kada a yi shi da abin sauraro a kunne ko sau ɗaya. Wajen ɗauka a kwamfuta a bar allurar ma'aunin sauti tana kaiwa desibel -12, kada ta taɓa ja. Dattin sautin da kake so daga mikisar zai fito, wanda kwamfuta ke yi idan sauti ya cika ta ba ya gyaruwa.