Layin da aka goge da wanda aka gyara, ya zan bambanta su?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wata 'yar manhaja mai kwatanta tsohon fayil da sabonsa. Duk layin da aka taɓa yana fitowa ja da alamar -, sabon kuma kore da +, irin na Git, manhajar da ke bibiyar sauye-sauyen fayiloli. To masu gwada ta sun fara ƙorafi: waƙafi ɗaya tal aka ƙara, amma da sun ga ja sai su zaci an share layin ɗungurungum. In ware wa gyararren layi nasa launin, ko in bar shi haka?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Malam, kwamfuta fa ba ta san gyara ba. Lissafin Myers na 1986, wato hanyar gano bambancin fayiloli biyu da Git ke bi, cirewa da ƙarawa kaɗai ya sani. Gaskiya ne umarnin kwatanta fayiloli na diff -c yana sa ! a gyararren layi, diff -y kuma | tsakanin ɓangarorin biyu, < ga wanda aka goge. Amma ba don layukan sun yi kama ba ne, don kawai sun faɗo wuri guda ne.

Amsa ta biyu: Ware masa launi, amma kada ka tsaya nan. Dubi vimdiff, manhajar da ke nuna fayiloli biyu gefe da gefe: layin yana samun launi, ainihin wurin da ya sauya kuma wani launin daban, ido ya faɗa kan waƙafin nan take. Wanda aka goge sai a bar gurbinsa a ɗaya ɓangaren don layuka su ci gaba da daidaita. Kada ka cire alamomin - da + ma, akwai masu matsalar bambance ja da kore.

Amsa ta uku: Ni dai ina da ja, ɗan'uwa. Idan manhaja ta aurar da layuka biyu da ba su da dangi ta ce gyara ne, mai dubawa zai wuce bai lura an cire wani sharaɗi ba. Gara ta tsorata shi a banza da ta ruɗe shi. Duk inda ake kokwanto, nuna gogewa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To wane irin kama ne ya isa a ce gyara?

Amsa ta biyu: difflib, kayan kwatanta rubutu na yaren shirya manhaja Python, ba ya haɗa layi biyu sai kamanninsu ya kai 0.75, a ma'aunin da ke tashi daga 0 zuwa 1. Fara da wannan, ka gwada shi a kan gajerun layuka tukuna, nan ne ya fi yin kuskure.